Dajin Falgore: Arzikin yawon buɗe ido da ke hannun tsoro

Duk lokacin da hutun makaranta ko na Sallah ya kama, masu hali daga Kano kan tashi zuwa Dubai ko Masar domin shaƙatawa da iyali, yayin da masu ƙaramin ƙarfi daga garuruwa irin su Gaya da Ajingi ke taƙaita burinsu ga gidan zu da ke cikin birni. Ƙalilan ne ke tuna cewa jihar na da daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 a kudancinta, wato Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila.

A wasu ƙasashe, irin wannan daji taska ce. Matafiyi kan biya kuɗi a kai shi ya taka sawu cikin kurmi, ya hau dutse, ya kwana a tanti, ya kalli namun daji a mazauninsu. A Ruwanda, takardar izinin ganin goggon biri dala 1,500 ce ga baƙo guda, kuma ana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun daji domin ƙauyukan da ke kewaye. Wannan kaso shi ne sirrin: wanda ke cin moriyar dabba tana raye ba zai ɗana mata tarko ba.

A gida ma akwai abin koyi. Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, har yau yana jan baƙi saboda giwayensa da ruwan ɗumi na Wikki. Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun daji girma a Najeriya, yana da kurmi na gaske da kuma dutsen Chappal Waddi mafi tsawo a ƙasar.

To me ya hana Falgore? Amsar farko ita ce tsaro. Shekaru da dama sunan dajin ba ya fitowa a labarai sai tare da ɓarayin shanu da masu tare hanyar Kano zuwa Jos, lamarin da ya sa a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka mayar da wani sashensa wurin atisayen soja. Matakin ya rage fargaba, sai dai daji ba ya zama wurin hutu don kawai an girke bindiga a bakinsa. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na tarayya, amma 'yan bindiga sun raba shi da baƙi.

Na biyu shi ne rashin cika alkawari. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara sababbin gandun daji 10 na ƙasa, ciki har da Falgore da Baturiya ta Jigawa da Kogo ta Katsina. Sanarwa daban, aiki daban. Sauya suna ba ya gina masauki, ba ya share hanya, ba ya biyan albashin ma'aikacin gandun daji. A halin da ake ciki kuma gatarin masu gawayi da wutar daji da farauta ba ƙa'ida na ci gaba da cin dajin.

Akwai masu ganin cewa maganar yawon shaƙatawa a lokacin da abinci ke gagarar talaka almubazzaranci ne. Hujjarsu tana da nauyi, amma ta manta abu guda: dajin da mutanen kirki suka ƙaurace masa, miyagu ne ke gadonsa. Abin da ake kashewa wajen fatattakar su daga baya ya fi abin da za a kashe wajen raya wurin tun farko.

Hanyar kuwa ba ta buƙatar biliyoyi a tashin farko. A keɓe yanki guda da aka tabbatar da amincinsa, a fara da ziyarar yini ɗaya ta ɗalibai lokacin rani. Mafarautan gargajiya, waɗanda suka san sawun kowace dabba da sunan kowane itace, a horar da su su zama 'yan jagora masu albashi. Fulanin da ke kiwo a gefen dajin a zauna da su a matsayin abokan aiki, a kuma rubuta kason ƙauyuka cikin doka, ba a bakin ɗan siyasa ba.

Yaron da ya tashi a Balan a yau, inda gonaki suka mamaye kusan ko'ina, a tatsuniya kaɗai yake jin labarin kura da ɓauna. Idan aka ci gaba da jan ƙafa, nan gaba dajin da kansa zai koma tatsuniya. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: ko dai gwamnatin Kano da ta tarayya su mayar da Falgore wurin da iyali za su je da rana tsaka, ko kuma su bar shi ga masu shigarsa da dare.