"Nawa kake so a biya ka?": Tambayar da ke kayar da matasa a intabiyu

Cikin tambayoyin da ake yi wa mai neman aiki, babu wadda ke daburta matasa kamar ta albashi. Da yawa sukan sunkuyar da kai su ce, "duk abin da kuka ga ya dace," suna ɗaukar hakan a matsayin ladabi. A halin da Najeriya ke ciki, wannan kunya tana da tsada.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, sannan alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ya koma naira 77,000. Ke nan matashin da ya yi shiru a gaban masu tantancewa yana iya karɓar abin da bai kai alawus ɗinsa na bautar ƙasa ba, musamman da yake dokar albashin ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Saboda haka shiri ya wuce haddace amsar "ba mu tarihinka." Kafin ranar, ka lissafa kuɗin mota da abinci da haya na wata guda, ka binciki abin da ake biyan masu irin aikin, sannan ka faɗi adadi tare da hujja. Idan an daidaita, ka nemi a rubuta. Dokar ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki.