Mu Ɗauki Dabarar, Mu Bar Musu Kifinsu

'Yan'uwana ɗalibai, ina so mu yi shawara a kan wata irin fatsa da a ke yi a Amurka, wadda ba a sa mata tana ko wani abin koto. Maimakon haka sai mutum ya ɗauki ƙugiya, ya ɗaura mata gashin kaza da zare, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kwaɗo, ya jefa bisa ruwa, kifi ya zo ya hadiye. Ni a ganina wannan sana'a ta cancanci malamin makaranta ya san ta, kuma zan faɗi dalilina.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 200 wani marubuci na Rum, Aelian, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da su ke ɗaura jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya su kama kifi. A Ingila kuwa, wani littafi da aka buga a 1496 ya bayyana irin ƙwarin nan har 12. Amma a can duk don kifin ruwan sanyi a ke yinsu, musamman wanda su ke kira tirawut. Saboda haka aka daɗe ana ganin wannan fatsa ta manya ce, masu halin tafiya kogunan kan duwatsu.

To, a kudancin Amurka ruwa mai ɗumi ne, kusan kamar namu, kuma tirawut ba ya jure shi. Abin da su ke da shi a tafkuna da kududdufan gona shi ne kifin bas, mai babban baki, da waɗansu ƙanana da a ke ce musu kifin kasko, don guda ya kan shiga kaskon suya gaba ɗaya. Sananne a cikinsu shi ne bulugil, wanda yawanci bai wuce tafin hannu ba. Mutanen wurin ba su zauna suna kukan rashin ruwan sanyi ba. William Bartram, a littafinsa na 1791, ya ce ya ga ana kama bas a Fulorida da ƙugiyoyi da aka lulluɓe da gashin wutsiyar barewar ƙasarsu. A 1881 Likita James Henshall ya rubuta littafi sukutum a kan bas. A farkon shekarun 1900 Ernest Peckinpaugh na Tenesi ya shahara da yin jikin ƙwaro da toshiyar kwalba don ya yi iyo. A 1987 kuma Bob Clouser ya ƙago wani mai kama da ɗan kifi, saboda bas na kogin Susquehanna. Kun ga ke nan, da abin da ke ƙofar gidansu suka yi suna.

Ga yadda abin ya ke tafiya. Ƙwaron ba shi da nauyi, ba ya jefuwa da kansa, sai aka sa nauyin a jikin igiya. Masunci ya kan kaɗa sanda mai tsawon kamar ƙafa 9, igiya ta miƙe a bayansa, sa'an nan ya turo ta gaba, ita ce ke ɗaukar ƙwaron ta ajiye shi a hankali. A bakin igiyar akwai siririn zare wanda kifi ba ya gani sosai. Don bulugil a kan ɗauki ƙaramar ƙugiya, lamba 10 ko 12, a sa mata ƙafafun roba kamar gizo-gizo. Don bas kuwa sai babba, a cusa mata gashin barewa a aske shi siffar kwaɗo, gama gashin nan yana riƙe iska, ba ya nutsewa. In ƙwaro ya faɗa ruwa sai a dakata har ruwan ya kwanta, a ɗan fizge shi kaɗan, a sake dakatawa. Yawanci a wannan shirun ne kifi ke kawo sura.

Ina ruwan malami da wannan? Ruwansa shi ne, ba mai iya ɗaura ƙwaron da zai ruɗi kifi sai ya duba na gaskiya. Dole ya san ƙafafunsa nawa ne, wane launi ne cikinsa, a wane wata ya ke fitowa, da safe ko da maraice. Dole kuma ya san halin kifin. Bulugil namiji ya kan share ɗan rami a ƙasan ruwa inda ba zurfi, ya tsaya yana tsaron ƙwai. Karfasarmu ma ta kan share irin wannan rami. Yaron da ya kwana uku yana duban fara da mazari da shinge don ya kwaikwaye su, ya fi wanda ya haddace sunayensu daga allo sanin halitta. Ga darasin sanin halitta da na aikin hannu sun haɗu wuri ɗaya, kayan aiki kuwa gashin zabo ne da zaren ɗinki da toshiyar kwalba.

Na san wani zai ce, ai mu don ciki mu ke su, jifa ɗaya na birgi ya fi yinin mai ƙwaron gashi. Gaskiya ne, ban ce wannan fatsa za ta ci da gari ba, ban kuwa ce masunta su ajiye komarsu ba. Abin da na ce shi ne, mai kama kifi ɗaya ɗaya yana ganin abin da ya kama, in ƙarami ne ya mai da shi. Yaron da ya saba da haka, da wuya in ya girma ya zuba magimfa ko guba a rafi ya kashe babba da yaro.

Sai dai akwai gargaɗi. Kada sha'awa ta sa wani ya ce a kawo mana kifin nan mu zuba a ruwanmu. A 1960 magajin garin Shikago ya ba Yarima Akihito na Japan kyautar bulugil. Kifin ya yaɗu har tafkin Biwa, shi da bas suka taru suka rage kifin ƙasar ƙwarai. A 2005 doka ta hana shigo da su da sakinsu a sabon ruwa, a 2007 kuma Akihito, yana sarki, ya faɗi baƙin cikinsa a bainar jama'a. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Muna da karfasa, muna da tsage, muna da giwan ruwa, ba mu rasa abin gwada dabara a kansa ba.

Don haka ina roƙon malamanmu na aikin hannu su ba mu ko da awa ɗaya a mako mu gwada ɗaurin nan, mu kai shi rafi mu ga abin da karfasa za ta ce. Wanda ya ga ba haka ba, ga fili nan, sai ya rubuto mu ji.