Wane Irin Bincike Ne Wannan Ba Tare Da Shiga Laburare Ba?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a jami'o'inmu wadda ya kamata a faɗe ta a fili. Ɗalibi zai kai shekarar ƙarshe, a ba shi batun da zai yi bincike a kai, ya kawo kundi mai kauri, a ba shi digiri, alhali kuwa bai taɓa shiga laburaren jami'arsa ba sai lokacin jarrabawa, shi ma don neman kujera kusa da fanka. Wayarsa ita ce malaminsa. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, sai su sayi tsohon kundin wani, a canza suna da shekara, shi ke nan.

Ba ƙin intanet na ke yi ba, yana da ranarsa. Amma fa mafi yawan abin da ya shafe mu, watau tarihinmu da harshenmu da sha'anin sarauta da fatauci, ba ya cikin waya. Yana nan kwance a kan kantocin laburare yana jiran mai buɗawa.

Tun da yawancin masu karanta wannan shafi a Kudu su ke zaune, bari mu ɗauki Ibadan. An kafa jami'ar a 1948, kuma a 1950 aka yi doka cewa duk wanda ya buga littafi a Nijeriya sai ya ajiye kofe a laburarenta, wanda yanzu a ke kira Laburaren Kenneth Dike. Sai a 1970 wannan nauyi ya koma kan Laburaren Ƙasa. Ke nan har littattafan Hausa da NORLA ta yi ta bugawa a Zariya doka ta ce su tafi can. Har wa yau, wani ma'aikacin laburaren, Kensdale, ya zaga Arewa cikin shekarun 1950 yana tattara littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahi na Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello. A 1964 kuma John Hunwick ya kafa cibiyar ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci a wannan jami'a. Daga Sabo zuwa ƙofar jami'ar ba wata tafiya ba ce, amma 'ya'yanmu nawa suka san akwai wannan dukiya a maƙwabtansu?

A Arewa ma haka abin ya ke. Ga Laburaren Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Gidan Arewa a Kaduna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970. Duk littafin tarihin da mu ke tinƙaho da shi yau, da zaman dirshan a kan takardu aka haife shi. Murray Last bai fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967 ba sai da ya durƙusa gaban Waziri Junaidu da littattafansa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ma haka ya sha fama kafin littafinsa kan tarihin Katsina ya fito a 1981.

To, abin ba wuya gare shi ba. Ɗalibi ya fara da katalogi, ko na kati ko na kwamfuta. Ya leƙa ɗakin da a ke ajiye kundayen waɗanda suka riga shi, don ya san inda suka tsaya, ba don ya kwafa ba. Ya shiga sashen mujallu da tsofaffin jaridu. Ya kuma tambayi ma'aikacin laburare, domin shi ma karatun aikin ya yi, ba mai gadin littafi ba ne. In abin da ya ke nema yana wata jami'a, takardar gabatarwa daga shugaban sashensa kan buɗe masa ƙofa.

Sai dai laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Malamin da ya sa hannu a kan kundin da ya san kwashe-kwashe ne, ya fi yaron laifi. Hukumomin jami'o'i kuma, tun da asusun TETFund da aka kafa a 2011 yana ware kuɗin bunƙasa laburare, ba su da hujjar barin ɗakin karatu cikin duhu, ko barin gara da laima su cinye takardar da ba ta da kofe na biyu a duniya.

Ina roƙon abu biyu. Kada a karɓi kundin ɗalibi sai malaminsa ya zaunar da shi ya tambaye shi inda ya ga kowane littafi da ya ambata. Sa'an nan a sassauta wa malamanmu na zaure hanyar shiga ɗakunan rubuce-rubucen nan. Ba su da takardar makarantar boko, amma su ne ke karanta rubutun ajami da tsohon hannun Larabci ba tare da gargada ba, kuma mai digiri da yawa sai ya nemi irinsu kafin ya gane shafi guda.