Idan Marka Ta Tsare Baƙonka, Me Za Ka Miƙa Masa?

Yau ina neman afuwarku, labarin da muke bi zai ɗan jira zuwa mako mai zuwa, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun daminar 2024, na kuma lura idan ban amayar da ita ba, alƙalamina ba zai sake ba. Magana ce a kan ruwan sama da baƙo da littafi, a Gwarzo kuma ta same ni.

Bikin 'yar yayata ne ya kai mu. Mun taso daga Kano da sassafe cikin watan Agusta, mota biyu cike da mata, muka fita ta Kabuga, muka wuce Janguza da Rimin Gado, muka ɗan tsaya a Garo muka ɗauki wasu danginmu da suka fito daga cikin Kabo. Tafiya ce ta kimanin kilomita 70, don haka niyyarmu mu yi yini, da la'asar mu juyo gida. Tun muna hanya hadari ya gangamo daga gabas, muna sauke kaya a ƙofar gida ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya san marka ya san ta bambanta da ruwan farkon damina mai iska da tsawa, wanda zai zuba ya ɗauke cikin awa guda. Ita naci gare ta. Ruwan zai yi ƙarfi, ya koma yayyafi, ka ce ya ɗauke, kana sa ƙafa waje ya dawo sabo. Rumfunan da aka kafa, da kujerun haya, da mai kayan kiɗan da aka biya tun jiya, duk suka tashi a banza. Mu kuwa mata kusan ashirin muka cushe a ɗakin Gwaggo da na kusa da shi.

Wuta dai ba a kawo ba. Awa biyun farko ɗakin ya yi tsit kamar ana zaman makoki, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a kan kwano da ta indararo. Can sai sabis ya fara zuwa yana ɗaukewa, caji ya fara ja, wayoyi suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne 'yar ƙanwata, budurwa 'yar jami'a, ta ja tsaki ta ce, "Anti, don Allah wai a garin nan me mutane suke yi idan ana ruwa? Wannan ai kurkuku ne, ruwa duk ya ɓata mana biki." Gwaggo tana gefe tana gyara kwanon da ta tara a inda rufi yake yoyo, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Yarinya, ruwan da kike wa tsaki shi ne tuwon da za ki ci baɗi."

Kafin na je ga abin da ya kawo ni, bari na ɗan ja kunnenmu mu 'yan birni. Duk wanda ya je Gwarzo ko Kabo ko Getso cikin damina, to ya sani ya shiga ƙasar manoma ce. Gero da dawa da masara da gyaɗa da wake duk suna gona suna jiran wannan ruwan, kuma shi ne yake cika madatsun ruwa irin na Guzu-guzu da masu noman rani suke dogara da su bayan kaka. Mutumin da ya ci bashi ya sayi taki yana kwana yana kallon sama, sai ga ka ka zo da takalminka mai tsini kana Allah wadai da ruwa a tsakar gidansa. Wannan rashin ta-ido ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Kuma mai gidan da kake ganin ya bar ka kai kaɗai, wataƙila yana bayan ɗaki da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya kada katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna. Baƙon kirki tashi yake ya kama.

To amma duk da haka tambayar yarinyar nan tana da amsa, kuma laifinmu ne mu manya da ba ta san amsar ba. Lokacin da muke yara a Kabo, ranar marka ba ranar zaman banza ba ce. Maza suna zaure, an tona gurbin dara a ƙasa, gida talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, masu kallo sun fi masu yi hayaniya. Baƙo yana shigowa za a matsa masa, kafin a yi wasa biyu ya san sunan kowa, an kuma san garinsu da sana'arsa. A cikin gida kuwa an jawo kaskon wuta ɗaki ana gasa masara, wata tana yi wa wata kitso, wata tana saƙar faifai, 'yan mata suna carafke a bakin ƙofa. Tatsuniya an hana mu yi da rana, amma kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ce yinin da rana ba ta leƙo ba ai ƙanen dare ne, sai ta buɗe mana da ga ta nan ga ta nanku. Ba na cewa zamanin ya fi na yanzu daɗi ta kowane fanni, don mun sha sanyi, mun sha hayaƙin ɗanyen itace, zazzaɓin damina kuma ya ɗauke mana ƙanne. Abin da nake cewa, ba a taɓa barin baƙo ya zauna yana ƙirga azara ba.

A ranar nan ta Gwarzo, da Gwaggo ta ga ɗakin ya cika da hamma da tsaki, sai ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, wai za ta ɗauko zanen rufa ga masu jin sanyi. A ƙasan zannuwan sai ga wani littafi irin namu na kasuwa, bangonsa ya cire, takardun sun yi ja, shafin farko ma babu, ballantana a san sunansa ko na mai shi. Na wata 'yarta ne da ta yi aure shekaru da dama. Da wasa na ɗauka na fara karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Jama'a, kafin na kai shafi na biyar har matan ɗaya ɗakin sun tsallako cikin ruwa sun shigo. Aka dinga katse ni. Wata ta ce wallahi uban yarinyar nan azzalumi ne, wata dattijuwa daga Kabo ta ce ke rufe mana baki, ke kin san abin da talauci yake sa uba ya yi? Gwaggo da ba ta yi boko ba ita ce ta fi kowa riƙe sunayen mutanen cikin labarin, in na yi tuntuɓe ta gyara mini. Da muryata ta dushe, wa kuke tsammani ta karɓa? Ita dai wannan mai cewa kurkuku. Da farko tana in-ina, don ta fi sabawa da karatun Turanci, har ana yi mata dariya a kan ƙa da ka, amma kafin la'asar ta miƙe, har muryar tsohon take kwaikwaya.

Sai ga shi mun zo ƙarshe an ce mu haɗu a littafi na biyu. Kun dai san halinmu marubuta, sai an kai inda numfashi zai tsaya sannan mu yanke. Na biyun kuwa babu shi a adaka. Ɗaki ya kaure, kowa da yadda take so a ƙare, aka rabu gida biyu, masu cewa ta bi zaɓin iyaye da masu cewa ta tsaya a kan masoyinta. Matan da da safe ko gaisuwar kirki ba su yi ba, 'yan birni a gefe 'yan ƙauye a gefe, sai ga su suna tafawa. Ba mu ankara ba sai jin kiran sallar magariba muka yi, aka ce a masallacin unguwa ma haɗa ta aka yi da isha'i saboda ruwa da taɓo. Kwana ya kama mu dole, babu kuma wadda ta yi ƙorafi.

Tun daga ranar nake tunanin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. In kun tuna, a littafi na ɗaya aikin aku kenan, ya riƙe Musa ɗan sarki a cikin gida da labari, dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon da aka ɗana masa. Ashe tun can Imam ya san maganin mutumin da zama wuri ɗaya ya ishe shi.

A nan ne zan juyo kanmu mu marubuta, ni ma ban cire kaina ba. A shekarun 1990, lokacin da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suke tashe, littafi ɗaya sai ya zaga gida goma. 'Yan kasuwa suna sarowa daga Sabon Gari a Kano su kai garuruwa, masu haya suna bayarwa kwana ɗaya ko biyu, wadda ta iya karatu ta karanta wa kishiyarta da uwar mijinta. A makarantar kwanan da na yi, a cikin matashin kai muke ɓoye su, in an kama a ƙwace, wani lokacin har da bulala. Yau kusan dukkanmu mun koma waya. Muna sakin labari a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana turo kuɗi ta asusu, wasu kuma ana karanta nasu a YouTube. Na san dalili, kada wata ta ce ban sani ba. Takarda ta yi tsada, ɗab'i ya yi tsada, ɗan kasuwa ya karɓi littafinka ya riƙe kuɗin sai ka gaji da sintiri. Waya ta rufa wa da yawanmu asiri, ni ma da ita nake biyan kuɗin makarantar yara, kuma ta wayar kuke karanta wannan rubutun nawa.

Amma a duba abin da muka bayar a madadi. Labarin waya na mutum ɗaya ne, kai a sunkuye, abin ji a toshe a kunne. Ba ya zaga ɗaki. Gwaggo ba ta da rabo a cikinsa. Ransa kuma a hannun caji da data yake, a ƙasar da a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki a jere cikin duhu. Kai, ko wurin ajiyar ma ba shi da tabbas, tunda OkadaBooks da marubuta da yawa suka zuba littattafansu a ciki ya rufe a ƙarshen 2023. Wancan kuwa mara bango ya kwana shekara da shekaru a ƙasan adaka, ya tashi ya yi aikinsa a ranar da komai ya tsaya.

Wani zai ce ai tallar hajarta take yi. Na yarda, mai tuwo ba ta kushe tuwo. Amma ban ce sai nawa ba. A ajiye na tarihi, a ajiye na addini, a ajiye Ruwan Bagaja, a ajiye duk wanda uwa za ta iya ji a gaban 'yarta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Wannan sharaɗin ma kansa gyara ne a gare mu, don wallahi akwai abubuwan da ake rubutawa a waya yanzu waɗanda babu mai iya buɗe baki ya karanta su a ɗakin Gwaggo. Marubucin da ya san za a karanta shi da ƙarfi a gaban tsofaffi, dole ya tauna kafin ya rubuta.

Haka abin yake idan su ne suka zo mana birni. Ɗan uwa ya taso daga Kabo ko Gwarzo, ruwa ya hana shi shiga kasuwa, sai mu kunna masa talabijin mu shige ɗaki, in mun yi ƙoƙari mu kai yaransa katafaren kantin Ado Bayero su yi kallon abin da ba za su iya saya ba. Alhali ga Gidan Makama nan daura da fadar Sarki, ginin da tarihinsa yake komawa zamanin Muhammadu Rumfa, kayan tarihin Kano a jere a ƙarƙashin rufi. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hans Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ga laburaren Murtala Muhammad. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa kai baƙo ɗaya daga cikinsu? Ni dai sai bayan dawowata daga Gwarzo na fara, kuma na ji kunya da na ga ni ma baƙuwa ce a wurin.

Da ƙaramar salla ta zagayo na koma gaida Gwaggo, na tafi mata da littattafai shida, uku nawa uku na wasu, kowanne da na ɗaya har zuwa na ƙarshensa, na ce a zuba a adaka. Ta karɓa ta sa albarka, sannan ta ce ita fa har yanzu wancan ne a ranta. 'Yar ƙanwata ma ta kira ni ya fi sau uku a kansa. Na zaga wurin masu tsofaffin littattafai ban dace ba, don ban san sunan da zan tambaya ba. Saboda haka ga cigiya gare ku makaranta. Labarin wata yarinya ce mai tallar fura, da wani malamin firamare da aka turo ƙauyensu, mahaifinta kuma ya riga ya ci bashin hatsi a wurin wani Alhaji ya yi masa alkawarinta. Na ɗayan ya tsaya ne a daren da aka kawo lefe, ita kuma ta fita ɗebo ruwa ba ta dawo ba. Duk wanda ya gane shi, ko yake da na biyu ko da bangonsa ya cire, don Allah ya taimaka ya sanar da ni kafin marka ta sake zagayowa.