Kullum Shiri: Rabonmu a Tarihin Barikin Bama

Duk wanda ya bi ta ƙofar Burma Camp a Ankara yakan rage murya. Can ne hedikwatar rundunar sojojin Gana, kuma mu mutanen Zango mun saba kallon wurin kamar gidan wasu. A ganinmu wannan kuskure ne, tarihin barikin kuwa shi zai raba gardama.

Da fari sunansa Giffard Camp, sunan Janar George Giffard, Baturen Ingila da ya shugabanci dakarun Afirka ta Yamma a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka mayar da shi Burma Camp don tunawa da waɗanda aka kwasa zuwa Bama yaƙar Japan a runduna ta 81 da ta 82. Sun sha wuya a dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan, suka ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Shi ya sa har yau barikin Takoradi ke amsa wannan suna.

To ina asalin sojojin? A 1863 Kyaftin John Glover ya tara 'yan bindiga a Legas, yawancinsu Hausawan da suka kuɓuta daga bauta. Daga cikin irinsu aka kafa rundunar 'yan sandan Gold Coast masu ɗaukar makami a 1879, wadda jama'a ke kira ta Hausawa, a 1901 kuma ta zama rundunar soja sosai. Ba duka ne Hausawa ba a jini: akwai Dagomba da Mossi da Grunshi da Zabarmawa. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, shaida ne. Abin da ya haɗa su harshe ne. Da Hausa ake magana a bariki, hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta. Taken rundunar kansa, Kullum Shiri, kalmomi biyu ne da ɗan Nima ko Sabon Zango ba ya neman tafinta a kansu.

Sai dai kada alfahari ya rufe mana ido. Bindigar da kakannin nan suka saɓa ta Sarauniyar Ingila ce. An tura su kan Asante a 1874, an sake tura su a 1900 lokacin tawayen Yaa Asantewaa. Maƙwabtanmu na Kumasi suna da hujjar tuna wannan da ɗaci, kuma wanda ke neman rabonsa a gado dole ya amsa rabonsa a bashi. Haka nan mai gidan da aka yi wa bauta bai saka da alheri ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar Gwamna a Osu neman haƙƙinsu, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Jininsu ya gaggauta 'yancin kan da aka samu a 1957.

Me ya sa muke tono wannan yanzu? Domin har gobe akan tambayi ɗan Zango daga ina ya zo idan ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, kuma dattawanmu ba su manta korar baƙi ta 1969 ba. Al'ummar da harshenta ke jikin taken soja tun kafin a haifi sunan Gana ba ta cancanci wannan tambaya ba. Amma hujjar da ba a rubuta ba takan bi mai ita kabari.

Mazan Bama sun kusa ƙarewa, saura 'ya'yansu da jikokinsu. A gidajenmu akwai akwatunan ƙarfe masu ɗauke da lambobin yabo, da takardun sallama daga soja, da hotunan da suka fara dushewa. Kowa ya buɗe na gidansu, ya ɗauki hoto, ya naɗi muryar tsohuwar da ta san labarin. Sarakunan Zango su tattara, a kai kwafi gidan tarihin soja da ke ganuwar Kumasi, a ajiye da sunayen masu su. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Bama, ya sa mu iya riƙe amanarsu.