Tsawon Maƙogwaron Babur Ba Laya Ba Ne

Makon nan mun kawo ƙara ne a kan wata magana da ta cika garejin gyaran babura.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan masu "sirrin rage shan mai" suka samu kasuwa. Wani ya ce a ƙara wa maƙogwaron inji tsawo, wato bututun da ke tsakanin kafireta da bawul ɗin shigar iska. Wani ya ce a datse shi. Wani ya ce a cire matatar iska gaba ɗaya, wai injin ya sha iska. Ɗan acaba, da hankalinsa ke kan kuɗin balas na yamma, sai ya miƙa babur ya biya kuɗin aiki. Mu kuwa muna cewa yaudara ce aka yi wa kwalliya da ilimi.

Ilimin da aka fake da shi gaskiya ne. Idan fistin ya zuƙo iska, sannan bawul ya rufe, iskar da ke gudu a bututun takan yi karo da shi, matsinta ya koma baya, ya riƙa kai da komo da saurin sauti, kusan mita 340 a daƙiƙa. In matsin ya iso daidai lokacin da bawul ke buɗe, sai ya cusa ƙarin iska cikin silinda. Dogon bututu yana ba da wannan taimako a ƙaramin juyin inji, gajere kuma sai inji ya ɗau zuga. Saboda haka ne Chrysler ta sa bututu mai kusan inci 30 a wasu motocinta a 1960, Yamaha kuma ta yi wa R1 na 2007 mazurarin da ke sauya tsawo da kansa.

To, waɗannan kamfanoni ƙarfi suke nema. Ƙarin iska yana neman ƙarin mai, domin ƙonuwa mai kyau tana buƙatar iska kusan kashi 14.7 ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Tsawon bututu yana matsar da inda ƙarfin inji yake ne, daga sama zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa sama. Ribar mai, in ta samu, tana zuwa ne idan ƙarfin ƙasa ya ba mutum damar shiga babbar giya da wuri.

Mu yi lissafi. Injin da ke juyi 4,000 a minti yana kammala zagayensa na juyi biyu cikin kashi 30 na dubun daƙiƙa, bawul ɗin shiga kuma a rufe yake kusan kashi 20 daga ciki. A wannan ɗan lokaci sauti ya yi tafiyar kusan mita 7. Kafin a kama dawowar farko, mai ƙarfin, sai bututu ya wuce mita ɗaya. Ina za a cusa shi a jikin Boxer? Ina kuma inci biyun da bakanike ya ƙara da guntun tiyo za su kai? Ga shi a cikin gari totur a ɗan buɗe yake yawancin lokaci, shi ne ke tare iskar, kai da komon nan ba ya yin wani tasiri.

Ɓarnar ita ce ta tabbata. A babur mai kafireta, fetur yana bin bututun tare da iska. In ya yi tsawo sai man ya kwanta a bango, babur ya ƙi tashi da sanyin safiya, ya riƙa shaƙewa. In haɗin tiyon ya bar kafa, iska ta yi wa mai yawa, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ya ɗau zafi, bawul ya ƙone. Wanda ya cire matata kuma ya buɗe wa ƙurar hunturu ƙofa ta cinye ringi. Garin neman gira an rasa ido.

Duk wanda ya ce dabararsa na rage shan mai, a tambaye shi awo. A cika tanki fal, a rubuta lambar mita, a yi aikin kwana uku, a sake cikawa, a raba kilomita da lita. A maimaita bayan gyaran, a hanya iri ɗaya da kaya iri ɗaya. "Na ji ya fi sauƙi" ba shaida ba ce.

Kafin a taɓa maƙogwaro, a duba iskar taya, a sa wa sarƙa mai, a wanke matata, a duba fulogi, a saita bawul, a rage lodi da fizgar totur. Waɗannan ba su da daɗin ba da labari, amma su ke barin canji a aljihu.

Mu da muke riƙe da alƙalami, kada mu yaɗa abin da ba mu auna ba, domin injin wani magidanci ne zai biya. Allah ya sa mu dace.