Charlie Chaplin da Maganar Waye Mai Fim

Dattawan Daura da suka yi yarinta a zamanin En'e sun san majigi. Mota ta iso, a kafa farin ƙyalle a fili da daddare, a nuna tsafta da noman gyaɗa. Turawan sun gane ba mai tsayawa wa'azi tsurarsa, don haka sukan cusa guntayen finafinan Charlie Chaplin a tsakani. Ɗan tsurut ne mai guntun gashin baki da burgujejen wando da sanda, ba ya cewa uffan, amma sai fili ya kece da dariya.

A Landan aka haife shi a 1889. Uban mashayi ne, uwar mawaƙiya ce da taɓin hankali ya kama, yana shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu na Lambeth. Yunwar nan da ta sa shi dafa takalmi ya ci a fim ɗin The Gold Rush na 1925, ba labarinta aka ba shi ba.

Ni dai lissafinsa ya fi dariyarsa burge ni. Ya fara fim a kamfanin Keystone a 1914 kan dala 150 a mako. Zuwa 1916 kamfanin Mutual na biyan sa dala 670,000 a shekara. Da wani ne, nan zai miƙe ƙafa. Shi kuwa sai ya gina nasa wurin shirya fim a 1918, shekara ta zagayo ya haɗa kai da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists, don su riƙa sayar da kayansu da kansu.

Shi ya sa da fim mai magana ya shigo a 1927, tauraron abokan sana'arsa da yawa ya dushe, shi kuwa babu mai iya tilasta masa buɗe baki. Ya fitar da City Lights a 1931 babu hira, ya kuma ci kasuwa. Da Amurka ta soke masa izinin komawa a 1952, Suwizalan ya tare, finafinansa na hannunsa. Ya rasu a 1977, har yau iyalinsa ke riƙe da haƙƙin yawancin waɗanda ya yi daga 1918.

To mu fa? Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disamba 2014 bayan ya fito a finafinan da ba su ƙirguwa. Tsarin da ya tarar shi ne a sallami ɗan wasa ranar aiki, sauran ribar ta furodusa ce da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai. Wannan ne ya sa muke yawan jin ana neman taimako idan jarumi ya kwanta ciwo.

Kaset ya mutu, tsarin bai mutu ba. Samarin da ke barkwanci da waya a lungunan Daura, da yawansu a tashar YouTube ta wani suke fitowa. A ba su na cefane su watse, kuɗin talla kuma duk wata asusun mai tashar yake faɗawa.